MA'AIKATAN JIYYA NA ƊAKIN FIƊA: INA AKE SAMO GWANINTA?

Idan aka yi wa mutum fiɗa a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa, to sunan likita ne zai yi ta yawo a bakin dangi. Shi za a sa wa albarka, shi za a ba da labarinsa a wurin 'yan dubiya. Babu laifi, ya cancanci haka. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi wace ce ta tsaya kusa da likitan tun daga farkon aiki har ƙarshensa, ta miƙa masa aska ta karɓa, ta lissafa kowace allura da kowane ƙyalle da ya shiga cikin majiyyaci har ta tabbata ya fito. Dalili kuwa shi ne majiyyacin bai taɓa ganinta sosai ba. Sa'ad da aka turo shi fuskarta tana rufe da takunkumi, kafin ta soma aikinta barci ya kwashe shi, kafin ya farka kuma ta riga ta koma shirya kaya domin mai bi masa.

Waɗannan su ne ma'aikatan jiyya na ɗakin fiɗa, waɗanda a asibitocinmu aka fi sani da nas-nas na tiyata. Akwai maza akwai mata, a nan Arewa ma mazan ba kaɗan ba ne, amma don sauƙin zance za mu riƙa cewa "ita". Mutane da yawa, har da waɗansu manyan ma'aikata a ofisoshin lafiya, suna ɗauka cewa duk wadda ta fito makarantar jiyya da takardar shaida ta isa a tura ta ɗakin fiɗa gobe da safe. Wannan zato kuwa yana da tsada ƙwarai, majiyyaci ne kuma ke biya.

AIKI BIYU A ƊAKI ƊAYA

A kowace fiɗa ta sosai ana bukatar nas biyu, kowace da nata fagen. Ta farko ita ce mai miƙa kaya. Takan goge hannuwanta har gwiwar hannu da sabulun magani na minti biyu zuwa biyar, ta sa riga da safar hannu waɗanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, daga nan kuma ba ta da ikon taɓa komai sai abin da aka tsarkake. Ko hancinta ne ya yi ƙaiƙayi sai haƙuri. Ita ke jera askake da almakasai da hantsakai da allurai a bisa tebur, kowane iri a mazauninsa, yadda hannunta zai kai gare shi ba tare da ta ɗauke ido daga raunin ba.

Ta biyu ita ce mai kai-da-kawo. Ita ba ta cikin tsarki irin na ta farkon, saboda haka ita ce ƙafar ɗakin duka. Ita ke karɓar majiyyaci ta tabbatar shi ne, ta duba ya sa hannu a takardar yarda, ta buɗe ƙunshin kaya daga waje ba tare da ta taɓa cikinsa ba, ta gyara fitila, ta aika a kawo jini, ta rubuta suna a kwalbar da aka saka tsokar da za a kai ɗakin gwaji. Wannan na ƙarshe ma kaɗai ya isa abin tsoro. In aka musanya kwalabe biyu, sai a gaya wa mai lafiya yana da ciwon daji, a sallami mai ciwon ya tafi gida da murna.

Akwai kuma abubuwan da ba a gani sai sun ɓaci. Mutumin da aka sa wa maganin barci ba ya iya cewa hannunsa ya sage. In aka kwantar da shi ba daidai ba aka bar gwiwar hannu ko gefen ƙafa ya danne a kan ƙarfe na sa'o'i, yana iya farkawa da jijiya a mace, fiɗa ta yi kyau amma hannu ya shanye. Na'urar lantarki da ake ƙona bakin jijiyoyin jini da ita tana da wani faifai da ake manna wa majiyyaci, yawanci a cinya. In bai zauna sosai ba sai ya ƙone fata. In kuma aka shafa maganin wanke fata mai barasa ba a bari ya bushe ba, tartsatsi ɗaya daga na'urar ya isa ya tayar da wuta a jikin mutum yana kwance. Duk waɗannan suna cikin abubuwan da idon nas ke kai.

Sai tukunyar tururi da ake dafa kaya a ciki. Ƙa'idarta sananniya ce: zafin digiri 121 na minti 15, ko digiri 134 na minti 3, bayan iska ta fita tururi ya ratsa ko'ina. Amma sanin lamba daban, sanin aiki daban. In an cusa kaya da yawa tururi ba zai kai tsakiya ba. In ƙunshi ya fito da danshi to ba a amince da shi ba, ko da tef ɗin da ke jikinsa ya sake launi, domin danshi hanya ce ga ƙwayoyin cuta. In kuwa ba a wanke busasshen jini daga haƙoran hantsaki ba kafin a dafa, an yi aikin baban giwa. Nas ɗin da ta san dalilin kowace ƙa'ida ita ce za ta iya mayar da ƙunshi ta ce a sake, alhali likita yana tsaye yana duban agogo.

YADDA SANA'AR TA TASO

Wannan fanni ba daɗaɗɗe ba ne can. Sai cikin watan Oktoba na 1846 aka nuna wa duniya fiɗa da maganin barci a birnin Boston na Amurka. Cikin 1867 Joseph Lister, wanda ke aiki a Gilasgo, ya bayyana yadda ya rage ruɓewar rauni ta hanyar kashe ƙwayoyin cuta da ruwan kabolik. Da aka gane cewa tsabta ce ke raba mai rai da gawa, sai ya zama tilas a sami wanda aikinsa ke nan, ya tsare kaya da ɗaki da hannuwan mutane. Nan nas ɗin ɗakin fiɗa ta samo asali.

Safar hannun nan ma ta roba, saboda wata nas aka fara kawo ta. Sunanta Caroline Hampton, ita ce shugabar ma'aikatan jiyya ta ɗakin fiɗa a asibitin Johns Hopkins na Amurka. Wajen 1889 zuwa 1890 magungunan da ake tsoma hannu a ciki suka cinye mata fata, har ta kusa barin aiki. Likitan da take aiki da shi, William Halsted, ya roƙi kamfanin Goodyear ya yi mata safar roba marar kauri. Daga baya sauran ma'aikata suka ɗauka, aka lura kuma ashe majiyyaci ya fi mai safar amfana. Halsted kuwa ya aure ta cikin 1890, amma wannan wani labari ne.

Sannu a hankali masu wannan aiki suka gane sana'arsu ta zama ilimi mai zaman kansa. Na Amurka suka soma haɗa ƙungiyarsu cikin 1949, na Ingila cikin 1964, suka shiga rubuta ƙa'idoji da shirya kwasa-kwasai.

ƘIDAYA

In ana so a gane bambancin gwana da 'yar koyo, to a dubi ƙidaya. Cikin ɗan Adam ba kamar ƙwarya yake ba da za a leƙa a ga ƙasa. Ƙyallen tsane jini idan ya jiƙe yakan koma launin nama, ya dunƙule ya shige bayan hanji ko ƙarƙashin hanta, ko likitan da ya saka shi da hannunsa ba zai gan shi ba. In aka ɗinke da shi a ciki, mai yiwuwa ne ya tara mugunya cikin 'yan kwanaki, mai yiwuwa kuma ya yi shiru wata da watanni, sa'an nan ya toshe hanji ko ya huda shi. Shi ya sa ake saƙa wani zare na musamman a jikin irin waɗannan ƙyallaye, wanda ke fitowa a hoton ƙashi idan an shiga nema.

Maganin abin dai shi ne ƙidaya, kuma ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Mai miƙa kaya da mai kai-da-kawo suke yi tare, da murya a sarari, ana ware kowane ƙyalle ana nunawa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a allo inda kowa zai gani. Akan ƙidaya kafin a tsaga fata, a sake kafin a rufe mahaifa ko wani gurbi na ciki, a sake sa'ad da aka fara rufe cikin, a sake wajen ɗinke fata. In wata za ta karɓi wata a tsakiyar aiki, nan ma sai an ƙidaya. Duk abin da aka ƙaro a tsakani sai an rubuta shi nan take. Ba ƙyalle kaɗai ba, har allurai da bakin aska da kowane ƙarfe, har ma ɗan ƙusar da ke riƙe da almakashi akan duba ko tana nan.

Mai karatu zai ce, to ai wannan ɗan firamare ma ya iya. Bari mu ga abin da bincike ya nuna. Cikin 2003 Dokta Atul Gawande da abokan aikinsa a Amurka suka bi diddigin majiyyata 54 da aka manta wani abu a cikinsu. Kashi 69 cikin 100 na abubuwan da aka manta ƙyallaye ne. Sun gano haɗarin ya kusa ninki tara idan fiɗar ta gaggawa ce, ya kuma ninka sau huɗu idan an shiga da niyyar aiki kaza sai aka tarar da wani abu daban. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a cikin waɗanda aka yi wa ƙidaya, kashi 88 cikin 100 an rubuta cewa ƙidaya ta cika daidai. Watau an ƙidaya ɗin, amma baki ne ya ƙidaya, ido da hankali suna wani wuri.

Ashe ke nan ba iya lissafi ake nema ba. Abin da ake nema shi ne mutumin da zai iya riƙe hankalinsa wuri ɗaya da ƙarfe uku na dare, jini yana zuba, likita yana kiran kaya uku a lokaci guda, mai ba da maganin barci yana cewa a yi sauri. A ƙasarmu kuwa babban rabo na aikin ɗakin fiɗa na gaggawa ne: mace ta kwana biyu tana naƙuda kafin a kawo ta, yaro hanjinsa ya huje saboda zazzaɓin taifot, direba an kwaso shi daga bakin hanya. Daidai irin yanayin da binciken ya ce an fi mantuwa, shi ne abincinmu na yau da kullum.

Idan ƙidaya ta ƙi cika fa? A nan ne ake sanin wace ce nas. Ƙa'ida ta ce ta faɗa da ƙarfi, likita ya dakata da ɗinki, a duba cikin rauni, a duba bokiti da ƙasa da ƙarƙashin zannuwa, in ba a gani ba a ɗauki hoto kafin majiyyaci ya bar ɗakin. Faɗin haka a takarda ba wuya. Amma yarinya 'yar shekara 24 ta dubi babban likita, wanda ya haife ta ya yi jika da ita, ta ce masa ya tsaya, wannan sai wadda aka horar, aka kuma tabbatar mata hukumar asibiti tana bayanta.

MURYA MA KAYAN AIKI CE

Kada a ɗauka wannan nauyin baki namu ne mu kaɗai da aka rena da girmama na gaba. Cikin 2005 a Ingila aka kai wata mata 'yar shekara 37, lafiyayya, domin ƙaramin aiki a hanci. Da aka sa mata maganin barci sai aka kasa zura bututun numfashi, iska kuma ta ƙi shiga. Manyan likitoci uku suka duƙufa suna ta gwada abu ɗaya, minti yana bin minti. Nas-nas ɗin da ke wurin sun gane halin da ake ciki. Ɗaya ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta ce ga su, ba wanda ya tanka mata. Wata ta je ta nemi gado a ɗakin kulawa ta musamman, da ta dawo ta faɗa aka dube ta kamar ta cika azarɓaɓi, sai ta koma ta soke. Matar ba ta farfaɗo ba, ta rasu bayan kwana 13. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. Bai nemi a kori kowa ba, sai ya nemi a yi bincike irin wanda ake yi in jirgi ya faɗi, daga baya ya kafa ƙungiyar koya wa ma'aikatan lafiya yadda ake magana da yadda ake sauraro a lokacin ruɗani.

Ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin nan ba, kaya ma ba su yi ba. Hanyar da magana za ta bi daga ƙasa ta hau sama ita ce babu. Saboda irin wannan ne masana a Jami'ar Abadin ta Sikotilan suka tsara ma'aunin da ake gwada mai miƙa kaya da shi a kan abubuwan da ba na hannu ba: lura da abin da ke gudana da hango na gaba, magana da haɗa kai da sauran ma'aikata, da tsara aiki a cikin matsi. Da can akan ce waɗannan hali ne, wani an haife shi da shi wani babu. Yanzu an tabbatar ana koyar da su, ana kuma auna su, kamar yadda ake koyar da ɗaurin zare.

Cikin 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai tambayoyi 19, wadda ake karantawa a tsaye sau uku: kafin a sa barci, kafin a tsaga fata, da kafin a fitar da majiyyaci. Wane ne wannan? Wane aiki za a yi masa, a wane gefe? An ba shi maganin rigakafin ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce? Ana tsammanin zai zubar da jini fiye da rabin lita? Ƙidaya ta cika? Har akwai wurin da kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, domin an lura wanda ya buɗe baki sau ɗaya a farko ya fi samun ƙarfin halin sake buɗewa in ya ga ɓarna. A yawancin wurare nas mai kai-da-kawo ce ke riƙe da takardar. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har zuwa Ifakara ta ƙasar Tanzaniya, aka buga sakamako cikin 2009: mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100, matsalolin bayan fiɗa kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7.

Sai dai akwai ragowar labari, wanda masu son takarda ba su cika faɗa ba. Lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta takardar a asibitocinsa. Cikin 2014 aka duba asibitoci 101 da fiɗa fiye da 200,000, aka tarar babu wani canji na a-zo-a-gani. Masana da dama sun fassara wannan da cewa an raba takarda ne ba a horar da mutane ba, sai ta zama abin cikewa da biro bayan an gama aiki. Duk wanda ya san ofisoshinmu ya san irin wannan cikewa.

DAGA 'YAR KOYO ZUWA GWANA

Wata malamar jiyya a Amurka, Patricia Benner, ta wallafa littafi cikin 1984 inda ta kasa hawan ma'aikacin jiyya mataki biyar, tun daga ɗan koyo mai bin ƙa'ida baƙi da baƙi har zuwa gwani wanda ke ganin matsala tun ba ta iso ba. A lissafinta, kafin mutum ya kai mataki na uku ma, watau a ce ya iya aiki, sai ya shekara biyu zuwa uku a fage ɗaya. Ta kuma nuna cewa gwani in aka ɗauke shi aka kai shi fagen da bai sani ba, ya koma ɗan koyo. Nas ɗin da ta shekara 15 a ɗakin yara gwana ce a can, amma ranar da ta shiga ɗakin fiɗa baƙuwa ce.

Ana gane gwanar mai miƙa kaya da shirunta. Likita bai buɗe baki ba abin da yake so ya riga ya sauka a tafinsa, ta gefen da zai kama ya yi aiki ba sai ya juya shi ba. Ba duba take yi ba. Ta san tsarin jikin mutum, ta san matakan aikin, tana kallon raunin tare da shi, saboda haka da jini ya tsarto hannunta ya riga ya kai kan abin matsewa. Irin wannan ba a samunsa a aji. Amma kuma daɗewa kaɗai ba ta kawo shi, domin akwai mai shekara 20 tana maimaita kuskuren da ta gada daga wadda ta koya mata. Sai an haɗa karatu da yau da gobe, da kuma babba mai gyara.

A Nijeriya, Majalisar Kula da Aikin Jiyya da Ungozoma, wadda aka haɗe ta wuri ɗaya cikin 1979, ita ke da alhakin tsara karatu da ba da lasisi. Karatun jiyya na gama-gari an daɗe ana yinsa shekara uku a makarantun jiyya, biyar a jami'a, abin da ɗalibi ke samu na ɗakin fiɗa a ciki kuwa 'yan makonni ne, yawanci yana tsaye daga gefe yana kallo. Domin cike wannan giɓi aka buɗe kwas na musamman bayan an ƙare karatun farko, wanda aka daɗe ana bayarwa a asibitocin koyarwa irin su na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Ibadan, da na Benin, da na Maiduguri. Guraben ba su da yawa in aka kwatanta da yawan ɗakunan fiɗa na manyan asibitocin jihohi da na masu zaman kansu. Saboda haka a wurare da dama, musamman a ƙananan hukumomi, wadda ke miƙa wa likita kaya a tsaye ta koya, wani lokaci ma ba nas ba ce sam.

Majalisar ta kuma wajabta ƙaro ilimi kafin a sabunta lasisi. Niyya ce mai kyau. Abin tambaya shi ne ko abin da ake koyarwa ya dace da aikin mai zaman. In nas ɗin ɗakin fiɗa ta biya kuɗi daga aljihunta ta zauna kwanaki tana sauraron lacca a kan abin da bai shafi fagenta ba, ta sami takarda, lasisi ya sabuntu, hannunta kuwa yana nan inda yake. Alhali kayan aiki suna ta sauyawa. Fiɗar da ake yi ta 'yar ƙaramar huda da madubi ta shigo manyan asibitocinmu, kayanta kuwa masu tsada ne, masu lungu da saƙo, wankinsu da haɗa su ilimi ne daban.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da alƙalami. A tura ma'aikaciya kwas da kuɗin gwamnati, ta dawo da ƙwarewa, bayan shekara ɗaya a yi canjin wuraren aiki na bai ɗaya a jefa ta ɗakin marasa lafiya na waje. Ko kuwa girma ya zo, tun da tsanin ƙarin girma ofis yake kaiwa, sai a raba ta da teburin fiɗa a ba ta rajista da biro daidai lokacin da ta nuna. Ga kuma ƙaura. Cikin watan Fabrairu na 2024 Magatakardan Majalisar ya bayyana cewa ma'aikatan jiyya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Masu ɗauka a ƙasashen waje ba 'yan koyo suke nema ba. Idan gwana ɗaya ta tafi, ba hannu biyu kaɗai aka rasa ba, an rasa malamar duk waɗanda ke bayanta.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA CE GAME DA MU

Cikin 2018 mujallar The Lancet ta buga binciken da likitocin Afirka suka yi a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Nijeriya, a kan majiyyata 11,422. An tarar majiyyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarfin jiki, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu bayan fiɗa ya ninka sau biyu. Kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da matsala, wadda ta fi yawa kuwa ita ce shigar ƙwayoyin cuta. Kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar fiɗa suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Wani reshe na binciken da ya fito cikin 2019 ya nuna macen da aka ciro wa jariri ta fiɗa a Afirka ta fi takwararta ta ƙasashe masu arziki haɗarin mutuwa kusan sau 50. Waɗannan alƙaluma ba laifin nas suke nunawa ba. Suna nuna cewa wurin da ake asarar rayuka shi ne wurin tsabta da sa ido, watau fagen da ma'aikatan jiyya suka fi kowa tsayawa, kuma inda suka fi ƙaranci.

Ga wani misali mai ƙarfafa gwiwa. Cikin 2022 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a ƙasashe bakwai, Nijeriya da Gana da Jamhuriyar Benin suna ciki, a kan mutum fiye da 13,000 da aka buɗe wa ciki. Abin da aka gwada bai taka kara ya karya ba: kafin a fara rufe ciki kowa ya sake safar hannu, a kuma ɗauko sababbin kayan ɗinki da ba su taɓa hanji ba. Ruɓewar rauni ta sauka daga kashi 18.9 zuwa kashi 16 cikin 100. Ba na'ura aka sayo ba, ba gini aka yi ba. To wa zai ware waɗannan kaya tun farkon aiki, ya tsare su kada a taɓa, ya tuna wa likita sa'ad da lokaci ya yi? Nas ce. In ba ta taɓa jin labarin binciken ba, ilimin yana can cikin mujalla, majiyyaci yana nan da mugunya.

Gwamnatin Tarayya ta nuna ta fahimci wannan sa'ad da ta fitar da shirinta na inganta fiɗa na 2019 zuwa 2023, inda ta ambaci aikin jiyya a cikin sunan shirin kansa, tare da fiɗa da haihuwa da ba da maganin barci. Amma yawancin ɗakunan fiɗa da talaka ke shiga na jihohi ne, saboda haka aikin yana wuyan Ma'aikatun Lafiya da Hukumomin Asibitoci na jihohi. Ba duka ne ke bukatar kuɗi mai yawa ba. A rubuta a dokar aiki cewa wadda aka horar domin ɗakin fiɗa ba a ɗauke ta daga can sai da dalili, ta kuma iya kaiwa ƙololuwar albashi tana bakin teburinta. Sabuwar zuwa a haɗa ta da babba ɗaya takamaimai na waɗansu watanni, da littafin da ake sa hannu a kan kowane aikin da ta iya, kada a bar ta ita kaɗai da dare kafin littafin ya cika. A ware sa'a ɗaya a mako, likita da nas da mai ba da maganin barci su zauna tare, su gwada abin da za su yi in jini ya ɓalle ko wuta ta ɗauke, su kuma tattauna kuskuren da aka auna arziki ba tare da neman wanda za a tsire ba.

Sa'an nan kowace jiha ta san adadin ɗakunan fiɗarta da adadin waɗanda suka yi kwas ɗin a cikinsu, ta riƙa tura mutum biyu ko uku daga kowace shiyya duk shekara da cikakken albashi, da sharaɗin su dawo su yi aiki a asibitin da ya tura su. Babban likitan kowane asibiti kuma ya tara ma'aikatansa ya faɗa da bakinsa, a gaban sauran likitoci, cewa in nas ta ce ƙidaya ba ta cika ba, ba a ɗinke ciki sai an gano abin da ya ɓata.